Akwatin Badaru Diresa

Malam Badaru Kawu, wanda mutanen Tsamiyar Baiwa suka fi sani da Badaru Diresa, ya rasu a farkon daminar bana. A wurin zaman makoki kowa ya yabe shi da abu guda, wato riƙon amana, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Sai dai na lura cewa yawancin masu yabon ba su san abin da riƙon amanar nan ya ci masa ba, waɗanda suka sani kuwa sun sunkuyar da kai sun yi shiru. Ni ina cikin waɗanda suka sani, domin na yi shekara goma sha bakwai ina hedimasta a makarantar garin, kuma katanga ɗaya ce ta raba makarantar da ɗakin shan maganin da yake aiki. Saboda haka na ga ya wajaba in rubuta abin da na gani, yadda na gan shi, tun ƙwaƙwalwa ba ta fara yi mini gardama ba.

Tsamiyar Baiwa ƙaramin gari ne tsakanin Gafasa da Ajingi, a ƙasar Gaya. Mahaifin Badaru, wanda yaro da babba ke kira Kawu, shi ne mai ajiyar garin, ba don wani ya naɗa shi ba, sai don an gwada shi an ga ba ya motsi. Duk mai tafiya cin rani, ko mai niyyar Makka a ƙasa, sai ya ƙulle abin da yake jin tsoron bari a gida, ya kai wa Kawu, shi kuma ya rataye a jikin azarar ɗakinsa. Akwai wata jakar fata da ta yi shekara goma sha ɗaya a rataye. Badaru ya gaya mini cewa sau ɗaya tak mahaifinsa ya taɓa dukansa, ranar da ya same shi ya hau turmi yana shafa ƙullin jakar nan. Da mai ita ya dawo, aka kwance a gaban shaidu, sai ga tsohuwar riga da awarwaron mahaifiyarsa, shi ke nan. Kawu ya dubi ɗansa ya ce, "Ka gani ko? Mai ajiya ba kaya yake tsaro ba, ƙulli yake tsaro." Da wannan karatu Badaru ya tashi, tun kafin ya san baƙi da wasali.

Ya yi elementare a Gaya. A shekarar 1962 aka ɗauke shi aikin diresa, bayan horon wata uku a birni. Abin da aka koya masa shi ne wanke gyambo, da shafa aidin, da naɗa bandeji, da raba ƙwayoyi, da yin allura. Ya iya waɗannan ƙwarai, kuma yana da tsabta har ta kai ga ana yi masa tsegumi. Amma ƙasarmu ƙasar manoma da makiyaya ce. Abin da ake kawo masa da gudu ba gyambo ba ne: saran gatari ne, da yankan lauje, da sukar ƙaho, da wanda ya faɗo daga kan kuka wajen yankan ganye. A nan kuwa iliminsa ya ƙare. Sai ya danna auduga, ya naɗa bandeji, ya yi addu'a, sa'an nan a nemi abin da zai kai mutum Gaya, daga can a jira motar birni. Wasu sun kai, wasu ba su kai ba.

Ya sha ce mini, "Malam, ni mai wanke ciwo ne, ba mai tsayar da jini ba. Jinin da ke gangarowa na san shi. Wanda ke tsartuwa shi ne ya fi ƙarfina."

Akwai wani kwas na mako shida da ake yi wa irinsu a birni, na kula da raunuka, inda ake koyar da tsayar da jini da ɗinki da ɗaure karaya kafin a kai asibiti. Wannan kwas shi ne burin Badaru a duniya. Bai nemi ƙarin girma ba, bai nemi a mayar da shi babban gari ba. Sau takwas ya nema, kuma ni na rubuta masa takardun duka takwas, da hannuna, babu kuskuren nahawu ko ɗaya a cikinsu. Na farko da na biyu aka ce gurbi ya cika. Na uku ba a amsa ba. Da yaƙin basasa ya zo aka ce guraben na masu jinyar sojoji ne, ya yi haƙuri. Ya yi haƙurin. A farkon 1971 sai ga takarda cewa sunansa ya fito, zai tafi a watan Yuni. Ranar ya zagayo makaranta yana riƙe da takardar da hannu biyu, kamar wanda ya ɗauko jariri.

Wanda ya fi kowa yi masa ba'a a kan wannan buri shi ne Maiwada, ɗan goggonsa. Taubasai ne, saboda haka kowannensu yana da'awar ɗayan bawansa ne, kuma ba su taɓa daidaitawa a kan wannan shari'a ba. Maiwada yana da amalanken shanu, shi ke kwasar gyaɗa da dawa zuwa kasuwar Ajingi. Mutum ne mai faɗin ƙirji da babbar murya, ba ya wuce ƙofar ɗakin shan magani bai tsaya ba.

"Likitan aidin, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, direba mai tuƙi da wutsiya."

"Ai ni motata ba ta shan mai, in ta mutu kuma a ci nama. Kai kuwa ko maye ne ya kama mutum, aidin. Yanzu in ka je birnin nan, me za su ƙara maka? Aidin mai launin kore?"

"Bari dai ka zo hannu, bawana. A harshe zan shafa maka shi."

Kafin watan Yuni ya kama, annobar amai da gudawa ta iso. Mun fara jin labarinta a rediyo, ana kiranta kwalara, ana lissafa ƙasashen da ta ratsa kafin ta shigo tamu. Muna jin abin kamar labarin nesa, sai ga shi an ce ta shiga birni, sai ga shi an ce ta ci mutum huɗu a gida ɗaya a Kademi. Aka hana taro, aka rufe makarantu. Takarda ta zo wa Badaru cewa an dakatar da kwas, domin malaman duk an kwashe su zuwa sansanonin masu cutar.

Bayan mako biyu, ranar kasuwar Ajingi, Maiwada ya dawo da wani akwatin katako a kan amalankensa, wanda motar birni ta sauke da sunan Badaru. Tsawonsa ya kai kamu biyu. An ɗaure shi da waya, an danne bakin wayar da dalma mai hatimi. Tare da shi akwai wasiƙa da Turanci, aka kira ni in karanta.

Na karanta sau biyu, sa'an nan na fassara. Wasiƙar ta ce tun da ba a iya tara ma'aikata wuri ɗaya, an aiko wa kowane mai suna a jerin kwas da akwatin kayan koyarwa, wato littafi mai zane-zane da kayan aikin kula da raunuka. Wani malami zai zagayo cikin mako biyu, ya kwana uku a kowane wuri yana koyarwa. Kada a buɗe akwatin sai ya iso, domin shi zai ƙirga kayan ya sa hannu.

Badaru ya daɗe yana duban akwatin. Ya ce, "Malam, babu wata ƙofa a cikin maganar nan?"

Na ce, "Babu. Maganar a fili take." Sa'an nan na ƙara abin da ba a tambaye ni ba. Na ce, "Mako biyu kamar gobe ne. Wanda ya jira shekara takwas ba zai kasa jiran wannan ba. Bin na gaba bin Allah ne." Na rubuta wannan a nan ne domin kada a ɗora masa nauyin shi kaɗai.

Maiwada ya ce, "To ni da na ɗauko, ba a ba ni ladan leƙe? Kawo gatari mu ga abin da ya kusa karya wa shanuna wuya."

"Taɓa ka gani."

"Malam, ka ji shi ko? Ɗan Kawu ne fa. Wannan ko garwashi aka ƙulle aka ba shi ajiya, sai ya jefa a aljihu ya ce a jira mai shi."

Muka yi dariya, har da Badaru. Ya share kusurwar ɗaki, ya jera bulo huɗu saboda gara, ya ɗora akwatin, ya rufe shi da tsohon zane.

Ya kamata a san cewa ba tarbiyyar gida kaɗai ta riƙe hannunsa ba. Shekara biyu kafin nan an kori wani diresa a wani gari saboda ya ɓalle hatimin kwalin magani kafin mai dubawa ya zo, kuma duk ma'aikata sun ji labarin. Badaru yana tsoron in ya taɓa dalmar nan za a cire sunansa daga kwas har abada. Wato abin da yake so ne ya hana shi taɓa abin da yake so.

Mako biyu suka wuce, malami bai zo ba. Cutar kuwa ta zo. Aka kafa rumfar zana a bayan ɗakin shan magani, aka shimfiɗa tabarmi. Badaru ya zama shi ne likita, shi ne mai shara, shi ne mai gaya wa dangi abin da ba su son ji. Ba shi da ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya, an ce duk an tara a birni. Tafasasshen ruwa yake ɗura musu da cokali, da 'yan ƙwayoyin da suka rage. Ni kuma, tun da makaranta a rufe take, na zama mai hura wuta a ƙarƙashin tukwane. Masu jakuna suka ƙi ɗaukar majinyata. Maiwada ne kaɗai ya yarda, yana zagaya unguwanni da rugage da amalankensa, yana kwaso su, yana yi musu surutu a hanya domin kada su yi barcin da ba a tashi.

A cikin wannan hali Badaru ya sa na rubuta wasiƙa, yana neman izinin buɗe akwatin ya fara karatu da kansa. Ba a amsa ba. Bayan mako uku muka sake rubutawa. Ba a amsa ba. Wani lokaci, in ya sami sararin zama da azahar, nakan gan shi ya ɗaga zanen yana duban dalmar, sa'an nan ya mayar. Maiwada kuwa ya mai da akwatin kujerarsa. In ya sauke majinyata sai ya shigo ya zauna a kai, yana buga gefensa da dunduniya.

"Amaryarka tana nan a lulluɓe, bawana? Har yanzu ba a sayi baki ba?"

"Tashi mini daga kan kayan hukuma."

"Ai ni nake ɗumama maka ita. Kar ilimin ya yi sanyi kafin malamin ya zo."

A tsakiyar watan Agusta ɗaya daga cikin shanun Maiwada ya gurɗe ƙafa a taɓo. Maimakon ya tsayar da aiki, sai ya ɗaura wani ɗan bijimi da bai gama horuwa ba. Ranar Laraba da hantsi ya iso da mata biyu daga wata ruga. Aka sauke su. Ya zagaya gaba zai sassauta igiyar wuya, sai aka watsar da ruwan wanki daga rumfa, bokitin ya yi ƙara. Bijimin ya firgita, ya sunkuya, ya ɗaga kai. Ƙahon ya shiga cinyar Maiwada ta hagu, ta ciki, tafi ɗaya sama da gwiwa.

Ina wajen tukwane na ji ya ce, "Kai, ɗan banza!" kamar wanda aka taka wa ƙafa. Da na juyo sai na ga jini yana tsartuwa, ja wur, yana tafiya da bugun zuciya.

Muka ja shi zuwa cikin ɗaki, muka kwantar da shi a ƙasa. Badaru ya yi abin da ya sani. Ya yage wandon, ya cusa auduga, ya naɗa bandeji. Bandejin ya jiƙe kafin ya ƙulle shi. Ya ƙara wani a kai, shi ma ya jiƙe. Ya ware rawanin wani dattijo ya ɗaure a kan ciwon iya ƙarfinsa, jinin ya ɗan lafa, sa'an nan ya ɓullo ta ƙarƙashi. Audugar ɗakin ta ƙare. Mutane suka cika ƙofa, wannan yana cewa a kawo toka, wancan yana cewa a kawo garin taba, wani ya ruga kiran wanzami. Ban duba agogo ba, amma na ƙiyasta mun yi kusan sulusin sa'a a haka.

Maiwada ne ya yi maganar. Muryarsa ta ragu, amma ba'ar tana nan. Ya juya kai wajen kusurwa ya ce, "Bawana, amaryar nan fa? Ko yau ma sai malami ya zo?"

Badaru ya dube shi, ya dube ni. Ya ce wa wani ya danne ciwon, ya miƙe ya fizge zanen. Wayar ta ƙi hannu. Ya fita da gudu ya zaro gatarin da ke jikin amalanken, ya sare ta, ya ɓamɓare murfin. Kayan ciki duk a naɗe suke cikin takarda mai maiƙo, kowanne da zarensa. Ya riƙa yagewa yana zubarwa: almakasai, da hantsaki iri-iri, da allurai masu lanƙwasa, da ƙananan alluna na ɗaure karaya, da wata ɗamara ta zane mai kauri haɗe da ɗan sanda. Bai san sunan ko ɗaya ba, balle aikinsa. Littafin yana can ƙasa. Ya miƙo mini, yatsunsa suka bar shaida a bangon.

"Malam, nemo jini! Nemo inda aka ce jini!"

Na buɗe jerin abubuwan da ke ciki, na sami shafi na tara. Akwai zanen mutum a kwance da hannu a dunƙule a matsematsinsa. Na riƙa karantawa ina fassarawa da ƙarfi. A dunƙule hannu a danna a lanƙwasar da cinya ta haɗu da ciki, a ɗora nauyin jiki duka, domin ta nan babbar jijiyar take wucewa. Badaru ya danna. Tsartuwar ta ragu nan take, kowa ya gani. A ɗaura ɗamara a saman ciwo, ba a kansa ba, tsakaninsa da zuciya. A zura sandan a murɗa, a yi ta murɗawa ko da mai ciwo yana ihu, har jini ya tsaya. Wanzami, wanda ya iso a lokacin, ya karɓi dannawar, Badaru ya ɗaura ya murɗa. Sau huɗu ya murɗa. Jinin ya tsaya cak.

Badaru yana durƙushe, yana duban ɗan sandan da ke hannunsa. Ya ce a hankali, "Shi ke nan? Wannan ne kawai?"

Maiwada ya ce, "Ashe ka iya." Ya yi hamma, ya ce yana jin ƙishirwa, yana jin sanyi. Leɓɓansa sun yi fari kamar na mai azumi. Na juya shafi na goma, aka ce a ɗaga ƙafafunsa, a lulluɓe shi, a ƙara masa ruwa ta jijiya ba tare da jinkiri ba. Muka ɗaga, muka lulluɓe. Ruwan kuwa babu. Hanyar Gaya ta zama taɓo, kuma amalanken da zai kai shi nasa ne. Matarsa Hure ta iso tana nan a kansa, ya cika kafin la'asar.

Ranar sadakar uku Badaru ya je yi wa Hure gaisuwa, na raka shi. Tana zaune a bayan labule cikin takaba. Ta amsa gaisuwarmu yadda ya kamata, sa'an nan ta ce, "Yaya Badaru, in tambaye ka?"

"Tambayi, Hure."

"Akwatin nan da maigidan ya ɗauko maka, kwanansa nawa a ɗakinka?"

Ya ce, "Sittin da uku."

Ta ce, "To." Ba ta ƙara kome ba, a ranar ko bayanta.

Sai bayan kaka, da cutar ta lafa, wani jami'i mai duba ɗakunan shan magani ya iso a mota. Ba shi ne malamin ba. Ya ce malamin tun a makon farko aka tura shi sansani, aka fasa zagayen, sai dai ba a sami wanda ya tuna ya sanar ba. Badaru ya tambayi wasiƙunsa biyu. Jami'in ya ce wasiƙu sun yi yawa a lokacin. Da ya ga akwatin, aka gaya masa abin da ya faru, sai ya riƙe baki.

"Wai kana nufin wata biyu ka zauna da shi a rufe? Haba Malam! Ai duk inda na bi sun buɗe nasu tun ranar farko. Wani ma ya mai da almakashin na aski."

"Ranka ya daɗe, takarda ta ce kada a buɗe."

"Takarda ai dole ta faɗi haka."

Ina tsaye a wurin, na zaci maganar ta ƙare. Amma jami'in ya zaro alƙalami ya ce, tun da an yi amfani da kayan a kan mutum, kuma mutumin ya mutu, ba shi da ikon rufe ido. Sauran da suka buɗe nasu ba wanda ya mutu a hannunsu, saboda haka babu abin rubutawa a kansu. Ya rubuta cewa an ɓalle hatimi ba da izini ba, an kuma yi aiki da kayan da ma'aikaci ba shi da shaidar iya amfani da su. Ya ce kada ya damu, gargaɗi ne kawai. Da aka sake buɗe kwas a shekara ta gaba, sunan Badaru ba ya ciki. Na ce mu rubuta takarda ta tara. Ya ce, "Bar alƙalaminka ya huta, Malam."

Abin da ya roƙe ni shi ne in fassara masa littafin gaba ɗaya. Na yi, cikin littattafan rubutu biyu na 'yan makaranta, shi kuma ya kwafi zane-zanen da fensir. Ya haddace shi kamar karatun allo. Ya koyi ɗinki a kan fatar akuya da yake karɓowa wajen mahauta. Daga nan, duk ranar kasuwar Ajingi, sai ya ɗauki ɗamarar nan ya zauna a inuwa kusa da masu amalanke, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, da wanzamai, da makiyaya. Ba ya gaisuwa mai tsawo. Sai ya kwantar da mutum, ya kama hannun wani ya dunƙule, ya ce, "Nan. Danna nan. Ɗora nauyinka, ba shafa mai na ce ka yi ba." Ya nuna musu yadda za a yi da rawani da guntun itace in babu ɗamara. Babu wanda ya ba shi izini, bai kuma nema ba.

Abin ya yi amfani. Wani makiyayi mai suna Ɗantani ya sare ƙafarsa da gatari a daji, ɗan'uwansa ya ɗaure shi yadda aka nuna masa a kasuwa, ya rayu har ya ga jikoki. Da suka kawo wa Badaru ƙwaryar man shanu don godiya, ya karɓa, ya yi musu addu'a, amma ranar bai ci abinci ba. Duk wanda ya tsira, shi ba wanda ya tsira yake gani ba.

A 1976 aka turo wani saurayi mai takardar shaida ya zama shugabansa a ɗakin shan maganin. Yaron kirki ne, kuma da aka kawo saran farko, shi ya ja da baya ya ce, "Baba, zo ka nuna mini." A 1979 Badaru ya yi ritaya a matsayin da aka ɗauke shi, diresa.

Abu biyu suka sauya a halinsa. Na farko, bayan rasuwar Kawu mutane sun ci gaba da kawo ajiya gidan, kamar yadda suka saba. Badaru ya ce ba zai karɓi kome ba sai an kwance a gabansa ya ga abin da ke ciki. Mutane suka ɗauki wannan cin fuska, suka daina kawowa, ajiyar gidan Kawu ta mutu a hannunsa. Na biyu, ya daina wasa. Sauran taubasansa sun yi ta tsokanarsa, yana amsa musu da "Allah ya ba da haƙuri", har suka gaji.

Hure ba ta sake aure ba. Gidanta yana kallon nasa. Kullum da safe takan gaishe shi, ta tambayi iyali, shi ma ya amsa. Amma ko ƙaya ce ta soki ɗanta, sai ta saɓa shi ta tafi Ajingi a ƙasa, ta wuce ta ƙofar ɗakin shan maganin ba ta waiwaya ba. Bai taɓa cewa ta yi laifi ba.

Akwatin yana nan a zaurensa har ya rasu, ba murfi, domin ya cire shi tun a shekarar ya sa a murhu. Littafin kuwa iyalinsa sun ba ni, da shaidar yatsunsa a bango, ta koma baƙa. Na sha buɗe shafi na tara in ajiye agogo a gabana, in karanta da ƙarfi ina fassarawa, a tsanake, ba tare da na tsallake ko kalma ɗaya ba. Bai taɓa kai ni minti uku ba.